Kuskuren Magani A Famasin Asibiti: Me Ke Sa Ƙwararre Ya Ba Ka Abin Da Ba Shi Aka Rubuta Ba?



Kwanakin baya wani magidanci ya dawo ɗakin da nake duba marasa lafiya riƙe da kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro, 'yarsa 'yar sakandare na biye da shi. Ni na duba shi da safe, na rubuta masa maganin nan da ake sha na kwana uku. A bayan kwalin an rubuta masa da biro ya sha ƙwaya huɗu da safe, huɗu da yamma. Yarinyar ce ta ƙirga ta ga ƙwaya shida ne kacal a ciki, ta ce, "Baba, in huɗu-huɗu za ka sha, ai ko kwana ɗaya ba zai kai ka ba." Gaskiyarta kuwa. Maganin artemether da lumefantrine yana zuwa da ƙarfi daban-daban a kasuwa. Akwai mai ƙarfin 20/120 wanda babba ke shan ƙwaya huɗu a lokaci guda, akwai kuma mai ƙarfin 80/480 wanda ƙwaya ɗaya ke tsayawa a madadin huɗun. Ranar mai ƙarfin ne a famasi, amma hannun da ya yi shekaru yana rubuta "huɗu" sai ya rubuta abin da ya saba.

Na san wanda ya yi wannan rubutu. Ya girme ni a aiki nesa ba kusa ba, kuma ya sha kirana a waya ya gyara mini kuskuren da ni na yi a takarda. Ranar shi kaɗai ne a taga, layi kuwa har bakin ƙofa. Wannan ne abin da nake so mu duba tare: mafi yawan kuskuren magani a asibiti daga hannun mutanen da suka san aikinsu yake fitowa, a ranar da yanayin aikin ya fi ƙarfin hankalinsu. Idan ka fahimci yadda hakan ke faruwa, za ka san inda za ka sa ido, za ka kuma san abin da ya kamata ka nema daga hukumar asibiti.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kusan majinyaci ɗaya cikin goma na cutuwa a yayin da ake kula da lafiyarsa. Fiye da rabin wannan cutarwa abin da za a iya kauce masa ne, kuma kusan rabin wanda za a iya kauce wa ɗin daga magani yake tasowa. A watan Maris na 2017 hukumar ta ƙaddamar da gangamin magani ba tare da cutarwa ba a birnin Bonn na Jamus, da burin rage mummunar cutarwar magani da kashi 50 cikin 100 a shekara biyar. A lokacin ta ƙiyasta cewa kuskuren magani na jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a duk shekara. Ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Kare Lafiyar Majinyata ta Duniya, kuma a 2022 kan magani aka yi ta.

Matsalar ba ta bar ƙasashe masu arziki ba. Tun a 1999 wata cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kuskuren ma'aikatan lafiya iri-iri, ciki har da na magani. Wannan a inda ake da kwamfuta da wuta da ma'aikata ke nan.

Me ya sa maganar ta shafe mu yanzu?

Abubuwa biyu sun sauya a Najeriya cikin 'yan shekarun nan, dukansu kuma sun sauka a kan tagar famasi.

Na farko ƙaurar ma'aikatan lafiya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 suka bar ƙasar cikin shekara biyar, kuma a watan Agusta na shekarar gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Tafiyar ba ta tsaya kan likitoci ba, ma'aikatan jinya da masana harhaɗa magunguna su ma suna tafiya. Wanda ya tafi ba ya tafiya da marasa lafiyarsa. Aikinsa kan wanda ya rage yake komawa. Mafi muni, waɗanda suka fi samun hanyar tafiya su ne masu 'yan shekaru a aiki, waɗanda ke duba aikin sababbi.

Na biyu sauyin magungunan kansu. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK ya sanar zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, a watan Nuwamba kuma Sanofi ya bi sahu. Faɗuwar darajar naira ta ƙara tsadar magungunan da ake shigowa da su. Abin da ya biyo baya shi ne asibiti na sayen abin da ya samu. Maganin hawan jinin da ka karɓa watan jiya fari a kwali mai shuɗi, wannan watan yana iya zuwa ruwan ɗorawa a kwali mai ja, na wani kamfani, wani lokaci ma da ƙarfi daban. Mai bayarwa ya rasa alamun da idonsa ya saba da su, kai ma mai karɓa ka rasa.

Hanyar da takardarka ke bi

Kafin ƙwaya ta iso hannunka ta bi hannaye da yawa. Likita ya rubuta. Wani ya karanta ya yi lissafin kuɗi. Masanin magunguna ya duba ko maganin da adadinsa sun dace da shekarunka da nauyinka da sauran magungunan da kake sha. Wani ya ɗauko daga kanta, ya ƙirga, ya zuba a ambulan, ya rubuta yadda za a sha. Sannan a kira suna a miƙa. Idan a kwance kake, ma'aikaciyar jinya ce za ta karɓa ta ba ka.

Kowane hannu a wannan jeri bango ne da ya kamata ya tare kuskuren wanda ya gabace shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Manchester a Ingila, Farfesa James Reason, ya yi shekaru yana nazarin haɗurran jiragen sama da masana'antu da asibitoci. Abin da ya nuna shi ne kowane bango na da tsagarsa, kuma cutarwa na isa ga mutum ne a ranar da tsagogin suka zo a saiti ɗaya. Bahaushe ya riga ya faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To bari mu ga abin da ke tsaga bangon.

Gajiya da rashin barci

Bincike ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, saurin fahimtarsa da daidaiton aikinsa kan ragu har su yi kama da na wanda ya ɗan sha giya, wato mai kashi 0.05 cikin 100 na barasa a jini, wanda a ƙasashe da dama ya isa a hana shi tuƙi. Ma'aikacin da ya kwana a aikin dare ya kuma zarce da na safe don babu mai karɓarsa ya kai wannan matsayi. Haɗarin gajiya shi ne mai ita ba ya jin cewa hankalinsa ya ragu. Yana karanta takarda, yana ganin ya karanta, alhali idonsa ya tsallake layi. Yunwa da zafi da rashin wuta duk suna ƙara mata ƙarfi.

Katse mutum yana cikin aiki

A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci biyu a Ostareliya, inda aka bi ma'aikatan jinya ana kallonsu suna haɗa magani suna bayarwa. An gano cewa duk katsewa ɗaya na ƙara yiwuwar kuskure da kusan kashi 12 cikin 100. Yanzu ka tuna tagar famasin da ka sani. Mai bayarwa na ƙirga ƙwaya, waya na ƙara, wani ya leƙo ta ƙofar baya da takardar ɗan'uwan wani babba, wani a layi na ɗaga murya cewa tun safe yake tsaye, wani ya turo katinsa ta saman kafaɗar wanda ake sallama. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam abu kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda. Idan aka katse ta, sau da yawa ba ta komawa daidai inda ta tsaya. A nan ake zuba maganin wani a ledar wani.

Ido na ganin abin da yake tsammani

Wannan shi ne kuskuren gwanaye. Sabon ma'aikaci kan karanta kwali harafi-harafi don bai yarda da kansa ba. Wanda ya daɗe kuwa launi da girman kwali da wurin da aka saba ajiye shi sun ishe shi. Kwana ɗari wannan sabo na sa aiki sauri. Ranar da aka sauya wurin ajiya, ko aka kawo wani magani mai irin kwalin, sai sabon ya zama tarko.

A watan Satumba na 2006, a wani asibiti a birnin Indianapolis na Amurka, an zuba kwalaben maganin tsinka jini na heparin masu ƙarfin manya a akwatin maganin sashen jarirai bakwaini. Kwalaben manya na ɗauke da awo 10,000 a kowace mililita, na jarirai kuwa awo 10 ne, wato bambancin ninki dubu. Girmansu ɗaya, takardar jikinsu duka shuɗiya. Jarirai shida aka yi wa allurar, uku suka rasu. Bayan shekara ɗaya, a Nuwamba 2007, irin wannan kuskure da irin waɗannan kwalabe ya sake faruwa a Los Angeles, ya shafi tagwayen ɗan wasan fim Dennis Quaid, sai dai su sun rayu. Gari daban, ma'aikata daban, kuskure ɗaya. Idan mutane daban-daban suka yi ta faɗawa rami ɗaya, ramin ya kamata a cike. Kamfanin ya sauya fasalin kwalbar mai ƙarfin.

Sunaye masu kama da juna da rubutun likita

Dubi waɗannan kamar yadda suke a jikin kwali: carbamazepine na farfaɗiya ne, carbimazole na ciwon maƙoƙo ne mai sa jiki aiki fiye da kima. Chlorpromazine na taɓin hankali ne, chlorpropamide na ciwon suga ne, kuma idan mai lafiyar suga ya sha shi sukarin jininsa na iya faɗuwa har ya suma. A Amurka sai da aka sauya wa maganin gyambon ciki na Losec suna a 1990 saboda ana rikita shi da Lasix, mai sa fitsari.

Mu likitoci muna da kaso babba a nan, ba zan ɓoye maka ba. Rubutun da aka yi da gaggawa na mayar da ɗayan sunan nan ɗaya. Ɗigon da bai fito ba na mayar da 1.0 ya zama 10, ko .5 ya zama 5. Harafin U da wasu ke rubutawa a gaban adadin insulin na iya kama da sifili, awo 4 ya koma 40. Idan mai famasi ya kasa karanta rubutu, abin da ya dace ya kira likita. To amma idan likitan ya shiga tiyata, ko ya taɓa yi masa tsawa don ya tambaye shi, ga kuma mutum hamsin a layi, sai ya yi hasashe. Asibitin da ƙaramin ma'aikaci ke jin tsoron tambayar babba ya rushe bango guda da hannunsa.

Abin da ya keɓanta da mu

Akwai tsagogin da al'adarmu ke ƙarawa. Sunayenmu na maimaituwa. A layi ɗaya ana iya samun Aisha Muhammad uku, ko Musa Ibrahim biyu, balle Hassan da Hussaini da aka kawo tare da ciwo daban. Da yawa ba mu riƙe ranar haihuwa ba. Sau da yawa kuma ba majinyacin ne ke zuwa taga ba, yaro ake aika ko maƙwabci, wanda bai san ko tana da ciki ba, bai san ko wani magani ya taɓa yi mata illa ba, kuma kafin ya isa gida rabin bayanin ya zube. Wani lokaci mai bayarwa ɗan hidimar ƙasa ne da bai iya Hausa sosai ba, mai karɓa kuma kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba, sai ta ce "to" ta wuce.

Sai batun awo. "Cokali ɗaya" a bakin ma'aikacin lafiya mililita 5 ne, amma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa. Farasitamol na yara mai ɗigo yakan ɗauki miligiram 100 a kowace mililita, na ruwa kuwa miligiram 120 ko 125 ne a mililita 5. Wato mai ɗigon ya ninka ƙarfi kusan sau huɗu. Uwar da ta auna shi da cokalin na ruwa ta ba jaririnta abin da zai iya taɓa masa hanta.

Hukunci ko gyara?

Idan kuskure ya faru, abin da zuciya ke fara nema shi ne wa ya yi. Wannan ba laifi ba ne, musamman ga wanda ya rasa ɗa. Amma ka ji abin da ya faru a jihar Ohio ta Amurka a watan Fabrairu na 2006. Wata yarinya 'yar shekara biyu ta zo karɓar zagaye na ƙarshe na maganin ciwon daji a wani asibitin yara a Cleveland. Mataimakiyar famasi ta haɗa mata ruwan maganin da ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 23.4 cikin 100, maimakon na kashi 0.9 da aka saba. Masanin magungunan da ke bakin aiki ya duba ya sa hannu bai lura ba. Yarinyar ta rasu bayan 'yan kwanaki. Bincike ya nuna cewa a safiyar an kashe kwamfutar famasin don gyara, takardu sun taru, ma'aikata ba su cika ba, shi kuma bai samu hutu ba. An ƙwace lasisinsa, a 2009 kuma kotu ta ɗaure shi wata shida. Sai dai abin da ya kare sauran yara shi ne dokar da jihar ta yi a 2009, wadda ake kira Dokar Emily da sunan yarinyar, da ta wajabta tantance mataimakan famasi da jarrabawa kafin su taɓa magani. Kafin nan jihar ba ta da wannan sharaɗi.

A jihar Tennessee kuma, a Disamba 2017, wata ma'aikaciyar jinya ta danna haruffa biyu na farkon sunan maganin kwantar da hankali a akwatin magani mai kwamfuta, akwatin ya fito mata da vecuronium, mai shanye tsokokin jiki har da na numfashi. Majinyaciyar ta rasu. Ma'aikaciyar da kanta ta faɗi abin da ya faru. A 2022 kotu ta same ta da laifi, ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da dama kuma suka yi gargaɗin cewa hukuncin zai sa mutane su riƙa ɓoye kuskurensu.

Wannan gargaɗi shi ne gishirin maganar. A kowane kuskure ɗaya da ya yi kisa, akwai da yawa irinsa da aka kama kafin su isa ga majinyaci, kamar na magidancin da na fara da shi. Su ne ke nuna wa asibiti inda bangonsa ya tsage tun kafin a yi asarar rai. Idan duk wanda ya ce "na kusa yin kuskure" takardar tuhuma zai samu, babu mai sake faɗa, tsagar kuma na nan tana jiran na gaba.

Kada ka ɗauka ina cewa babu mai laifi. Akwai bambanci tsakanin wanda hannunsa ya zame yana iya ƙoƙarinsa, da wanda ya saba tsallake ƙa'ida don kowa na tsallakewa, da wanda ya yi ganganci da gangan, kamar mai zuwa aiki a buge, ko mai ɓoye kuskure bayan ya san majinyaci na cikin haɗari. Na farko gyaran tsari yake buƙata, na biyu gyaran tsari da jan kunne, na uku hukunci. A kowane hali kuma, haƙƙinka ne a gaya maka gaskiyar abin da ya faru.

Abin da ya rataya a wuyan asibiti

Yawancin gyaran da aka tabbatar yana aiki ba mai tsada ba ne. A raba magunguna masu kama da juna a kanta, a rubuta ɓangaren sunan da ya bambanta da manyan haruffa. A janye allurai masu haɗari irin su potassium chloride mai kauri daga ɗakunan kwanciya, domin kwalbarsa na kama da ta ruwan haɗa allura, kuma yana iya tsayar da zuciya. Insulin da maganin tsinka jini da maganin ciwon daji da duk maganin jarirai, mutum biyu su duba, kowa da lissafinsa. A rubuta nauyin yaro a kowace takarda. A tabbatar da majinyaci da abu biyu, suna da lambar kati. A raba mai karɓar kuɗi da mai ƙirga magani. A ƙayyade sa'o'in aiki. A kuma buɗe littafin da ma'aikaci zai rubuta kuskuren da aka kusa yi ba tare da tsoro ba, shugabanni su riƙa zama a kansa. Rubuta magani ta kwamfuta na kawar da matsalar rubutun hannu, amma labarin Tennessee ya nuna cewa ita ma tana zuwa da nata tarkon.

Abin da ke hannunka

Kai ne bango na ƙarshe, kuma kai kaɗai ne a duk jerin nan da majinyaci ɗaya tak ke gabansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ma'aikacin lafiya ya yi maka bayani, gwargwadon iko, da harshen da kake ji. Kundin haƙƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 shi ma ya tabbatar da haƙƙinka na samun bayani. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ga abin da nake ba 'yan'uwana shawara:

1. Kafin ka bar gaban likita, ka tambayi sunan kowane magani da abin da yake yi, da kuma adadin magungunan da ya rubuta. Idan uku ya ce, huɗu aka ba ka, ka tsaya.

2. A taga ka faɗi cikakken sunan majinyaci da kanka, ka duba lambar kati a takarda. Kada ka amsa "e" don kawai an kira suna mai kama da naka.

3. Ka faɗi ko ba a tambaye ka ba: akwai ciki, ana shayarwa, akwai ciwon ƙoda ko hanta, ko wani magani ya taɓa sa ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi.

4. Ka zo da duk magungunan da ake sha a leda, har da na kemis da na gargajiya. Magani ɗaya na iya zuwa da sunayen kamfani biyu, mutum ya haɗa su yana shan ninki bai sani ba.

5. Ka buɗe ledar tun kana wurin. Ka yi lissafin da yarinyar nan ta yi: ƙwaya nawa a rana, kwana nawa, shin adadin ya yi daidai?

6. Idan launi ko girman maganin da ka saba sha ya sauya, ka tambaya. Sau da yawa kamfani ne kawai aka sauya, amma ka duba lambar miligiram.

7. Ka maimaita bayanin da bakinka, mai bayarwa ya ji. Ka tambaya musamman ko kullum ne ko mako-mako. Methotrexate, da ake ba masu amosanin gaɓɓai, sau ɗaya a mako ake sha, kuma shan sa kullum ya kashe mutane.

8. Maganin yaro, ki nemi sirinji ko kofin awo, a nuna miki layin da za ki tsaya. Mai insulin ya tabbata sirinjinsa ya dace da ƙarfin kwalbarsa.

9. Lokacin azumi kada ka haɗe na rana da na dare da kanka. Ka tambayi likita yadda za a sauya lokutan.

10. Ranar sallama daga asibiti, ka tambayi wane magani za a ci gaba da shi, wanne za a daina. A wannan gaɓa ake yawan haɗa tsoho da sabo.

Akwai kuma taimakon da za ka yi wa wanda ke bayanka a layi. Idan ka ga ana ƙirga maganin wani, ka haƙura har a gama. Tsawa da tura kati ba sa rage layi, kuskure suke ƙarawa, kuma maganin da za a rikita yana iya zama naka.

Idan kana zargin an yi kuskure

Idan ba a sha ba, ka koma da maganin da takardar. Idan an sha, kada a ƙara, ka ajiye kwalin da ambulan, ka lura da lokacin da aka sha da adadin, ka tuntuɓi asibiti nan take. Kada a jawo amai, kada a ɗura madara ko manja. Idan akwai sarƙewar numfashi, kumburin fuska ko leɓe, barcin da ba a iya tayar da mutum, jijjiga, zubar jini ko suma, a wuce sashen gaggawa kai tsaye. Farasitamol da ya wuce kima ba ya nuna alama da wuri, don haka kada a jira sai yaro ya galabaita. Magungunan da aka daɗe ana sha kuma, irin na farfaɗiya da hawan jini, kada a yanke su gaba ɗaya ba tare da an ji daga likita ba.

Bayan an shawo kan lafiyar, ka kai rahoto ga shugaban sashen magunguna ko teburin karɓar ƙorafi, wanda a asibitocin tarayya ake kira SERVICOM. Ka nemi a gaya maka abin da ya faru da abin da za a sauya. Illar magani ana iya sanar da hukumar NAFDAC ta manhajarta ta waya mai suna Med Safety. Idan kana ganin akwai ganganci, hukumar PCN ce ke kula da masana harhaɗa magunguna, MDCN kuma ke kula da likitoci.

Magidancin nan da 'yarsa mun koma famasi tare. Abokin aikina ya karɓi kwalin ya duba, ya yi shiru, sannan ya ba shi haƙuri ya gode wa yarinyar. Washegari na tarar an raba nau'o'in biyu a kanta daban-daban, an manna wa mai ƙarfin takarda da jan biro cewa ƙwaya ɗaya ake sha. Har yanzu shi kaɗai ne a taga ranakun da layi ya fi tsawo, wannan kuwa gyaran ba a hannunsa yake ba. Kafin hukumomi su cike wannan giɓi, ka riƙa buɗe ledarka kana ƙirgawa kafin ka bar taga.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya.